Tarihin Rada, daga Tartsatsin Jamus zuwa Samaniyar Gwandu

A zamanin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake zaune a Gwandu yana riƙe da yammacin Daular Usmaniyya, labarin abin da ke tafe daga nesa, ayari ne ko runduna, ba ya riga dokin da ya ɗauko shi isowa. Yau kuwa jirgin da ya keta samaniyar Gwandu da Kalgo, ko da hazo ya rufe shi ruf, masu kula da zirga-zirgar jirage suna ganin alamarsa a allo, albarkacin tasoshin rada tara da kamfanin Thales na Faransa ya karɓi kwangilarsu a 2003, aka ƙaddamar a 2010, waɗanda ɗaya daga cikinsu take Talata Mafara, tana tambayar jirage ko su wane ne, suna amsawa.

Asalin wannan hikima bai wuce abin da duk yaron da ya taɓa yin kira cikin rijiya ya sani ba, wato amsa-kuwwa: a aika bugu na igiyar rediyo, a jira ya daki abu ya komo, a lissafa jinkirinsa, sai nisa ya bayyana. Malam Heinrich Hertz na Jamus shi ya tabbatar, wajen 1887, cewa tartsatsin lantarki yana haifar da igiyar da ƙarfe ke mayarwa. A 1904 kuma wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya nuna na'urar da ke gano jirgin ruwa a kogin Rhine, amma mahukuntan lokacin ba su ga fa'idarta ba. Sai da tsoron yaƙi ya taso Ingilishi suka dage, har masana Randall da Boot suka ƙera magnetiron, na'urar da ke haifar da igiya mai ƙarfi, a Jami'ar Birmingham a 1940, daga nan kuma aka shafe shekaru ana gasar ƙarfi, kowa yana neman tashar da ta fi tsawa da cin wuta.

To, a ganina babin da ya fi cancantar nazari shi ne wanda ya biyo baya, lokacin da masana suka juya daga israfi zuwa tattali. Da yake igiyar rediyo tana cin kamar santimita 30 cikin kashi ɗaya bisa biliyan na sakan, gwargwadon gajartar bugu gwargwadon iyawarsa ta rarrabe abubuwa biyu makusanta, kuma gajeren bugu bisa ɗabi'arsa yakan bazu a faffaɗan zango, kamar dai tartsatsin Hertz da aka yi watsi da shi tun da daɗewa. Wahalar duka tana ga makaɗin da ke haifar da bugun, domin wajibi ne ya farka nan take, ya kaɗa 'yan kaɗan, ya yi tsit ba tare da ya bar saura yana amo ba, sa'an nan ya kwanta bai sha wuta ba har lokacin bugu na gaba. Alhali makaɗi na al'ada yakan ɗauki lokaci kafin ya daidaita, yana ɓarnar wuta cikin jira. Thomas McEwan na ɗakin bincike na Livermore a Amurka ya fito da ƙaramar rada irin wannan a farkon shekarun 1990, wadda ƙananan batura ke riƙe ta tsawon lokaci, a 2002 kuma hukumar sadarwar Amurka ta halatta zangon gigahaz 3.1 zuwa 10.6 ga irin waɗannan na'urori, bisa sharaɗin su yi rauni ƙwarai don kada su dami sauran tasoshi.

Tashar Talata Mafara aikin gwamnati ne da kuɗin ƙasa, amma wannan ƙaramar rada aikin ɗalibi ce mai haƙuri da teburin gwaji, shi ya sa nake ganin ta dace da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alkawari. Da 'yan uwan wannan rada masu ƙaramin zango ake leƙa cikin ƙasa don gano bututu da kogo, sai dai wanda zai gwada a nan ya sani rairayin tudu yana barin bugu ya nutsa, laka mai danshi ta fadamar Gulbin Kabi kuwa tana shanye shi tun bai yi nisa ba.