Sun Argungu ya girmi 1934

Mutumin Magarya ko Dungas da ya ji labarin bikin kamun kifi na Argungu a rediyo, abin da ake gaya masa shi ne an fara shi a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, aka binne gabar Sakkwato da Kabi. Ziyarar ta faru, gabar ma ba ƙirƙira ba ce, domin daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa, Kabawan Argungu ba su sunkuya wa daular Sakkwato ba. Sai dai ɗaukar wannan shekara a matsayin mafari tauye wa Kabawa tarihi ne. Ba a koyon su rana ɗaya don a burge baƙo. Abin da aka nuna wa Sarkin Musulmi sana'a ce ta gado, ta mutanen da ke zaune a fadamar Argungu tun zamanin Kanta na Kabi, kuma ƙashin bayanta doka ce: ana rufe kogin Matan Fada, ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya buɗe ruwa. Ranar buɗewa dubban masunta kan jeru a gaɓa, kowa da komarsa da ƙatuwar gora wadda zai kife a kanta ya yi iyo, ya kuma zuba kifi a cikinta. Da bindiga ta tashi sai ruwa ya koma laka. Giwan ruwan da ake ɗagawa sama ana ɗaukar hoto, hutun da aka ba kogin ne ya girmar da shi.

Wani zai ce yau ai gwamnati ce ke riƙe da bikin, ita ke ba da kyautar mota, kuma da wannan tsari ne UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam a 2016. Haka ne, har ma taron ya tsaya bayan 2009 sai a 2020 aka dawo da shi. To amma wannan na nuna abin da kuɗin gwamnati ke iya yi ne kawai: tara jama'a ko sallamarsu. Ambaliyar da ke ciyar da kifi kuwa madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya mata tafiya tun tuni, kuma babu kasafin biki da ke mayar da ita. Mai son Argungu ta ɗore, ya fara tambayar ruwan da ake sako wa kogin, kafin ya tambayi yawan baƙin da suka sauka.