Asalin Sunan Asma'u da Yaɗuwarsa a Ƙasar Hausa

Asma'u suna ne na Larabci, kuma malaman nahawu sun yi saɓani game da tushensa. Waɗansu sun ce jam'in kalmar ismu ne, watau sunaye. Sibawaihi kuwa yana ganin asalinsa Wasma'u ne, ma'ana kyakkyawa, sai aka juya wawun ta zama hamza. Hausawa dai sun karkata ga ra'ayi na farko, shi ya sa ake yi wa mai sunan laƙabi da Husna, daga Asma'ul Husna. Wasalin u na ƙarshen sunan ragowar i'irabin Larabci ne, kamar yadda yake a Hauwa'u da Muhammadu.

Amma a ganina, uban da ke raɗa wa 'yarsa suna ran bakwai bai damu da gardamar nahawu ba, abin da yake dubawa shi ne wace ce ta riga ta ɗauki sunan. Ta farko ita ce Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin hijira a 622. Ta yi tsawon rai har ta ga kisan ɗanta Abdullahi ɗan Zubairu a Makka a 692.

A ƙasarmu kuwa, lamarin ya faro ne daga Ɗagel, inda aka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tagwaye wajen 1793. Namijin aka sa masa Hassan. Bisa al'ada macen Husaina ya kamata ta zama, amma sai Shehu ya kira ta Asma'u. Ita ma tana yarinya ta yi hijira tare da mahaifinta zuwa Gudu a 1804.

Nana Asma'u ta wallafa waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su mayar wa matan ƙauyukansu. Ta wannan hanya sunanta ya shiga cikin gidajen da malami namiji ba ya iya shiga. Ta rasu wajen 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Bayan da ilmin boko ya kafu, sai ga makarantun 'yan mata da dama suna ɗauke da sunanta, a gida kuwa uwa na taƙaita shi ta kira 'yarta Ma'u.