Bishiyoyin Gefen Titi a Hannun Ɗan Kwangila: Nazari kan Rikicin Birnin Sheffield, 2012 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin takaddamar da ta ɓarke tsakanin majalisar birnin Sheffield da ke Ingila da mazauna birnin, bayan da majalisar ta danƙa kula da tituna da bishiyoyinsu a hannun kamfani mai zaman kansa. An dogara ne da abin da ya fito fili na takardar kwangilar, da hukuncin kotu, da rahoton kwamitin bincike na 2023. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce, ma'aunin da aka rubuta a kwangila shi ya yanke wa bishiyoyin hukunci tun kafin masanin itatuwa ya je ya duba su.

Gabatarwa

Bishiyar gefen titi tana da iyayen gida da yawa. A doka ta hukuma ce, domin a kan filin hanya take. Mai gidan da take ƙofarsa kuma shi ke shan inuwarta, shi ke share ganyenta, shi ne kuma saiwarta ke tsaga wa katanga. Injiniyan hanya yana kallonta a matsayin cikas. Idan majalisar birni ba ta fayyace wanda maganarsa za ta rinjaya ba, takardar kuɗi ce ke fayyacewa a madadinta.

Kwangilar

A 2012 majalisar Sheffield ta sa hannu da kamfanin Amey kan kwangilar shekara 25, ta kuɗi sama da fam biliyan 2, domin gyara tituna, hanyoyin masu tafiya a ƙasa, fitilu da gadoji. Titunan birnin sun lalace ƙwarai a lokacin, kuma babu mai musun cewa suna bukatar gyara. Bishiyoyin gefen titi, kimanin 36,000, sun shiga cikin kwangilar a matsayin wani ɓangare na kayan hanya.

Tun a 2006 zuwa 2007 an yi wa bishiyoyin ƙidaya, aka gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu sun kai girma. A nan aka fara kuskure. Masanin itatuwa idan ya ce bishiya ta kai girma, yana nufin ta cika, ta shiga shekarunta na amfani, kuma irin waɗanda aka shuka a Sheffield tun zamanin Sarauniya Biktoriya suna iya ƙara shekaru da dama a tsaye. Jami'an majalisa kuwa suka fahimci maganar a kan cewa bishiyoyin sun kusa mutuwa. A kan wannan fahimta aka sa adadi a kwangilar: za a sauya bishiya 17,500 cikin shekara 25, wato kusan rabinsu. Jama'a ba su ga wannan adadi ba sai a 2018, bayan da aka tilasta wa majalisar ta bayyana shi ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai.

Ma'auni shida da dutsen bakin titi

Majalisar ta ce dalilai shida ke sa a sare bishiya: idan tana da haɗari, ko ta mutu, ko tana mutuwa, ko cuta ta kama ta, ko tana ɓata hanya, ko tana tare wa naƙasassu wurin wucewa. Huɗun farko babu gardama a kansu. Na biyar ne ya haɗiye sauran. Saiwar babbar bishiya takan ture dutsen da ke raba kwalta da hanyar ƙafa, ta karkatar da shi da 'yan santimitoci, ta kuma ɗaga shimfiɗar da ke kanta. Kwangilar ta nemi wannan layin dutse ya miƙe sak. Saboda haka lafiyayyar bishiya mai shekara ɗari, da babu ruɓa ko kaɗan a jikinta, sai ta faɗa layin sara don ta kauce da dutse ɗaya.

Akwai hanyoyin gyara da injiniyoyi suka sani: a sa siririn dutse a daidai gindin, ko a bar giɓi a layin, ko a datse ƙananan saiwoyi, ko a shimfiɗa abu mai lanƙwasa maimakon kankare. Majalisar ta yi ta cewa sara shi ne mataki na ƙarshe bayan an gwada waɗannan. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba haka aka yi ba. Dalilin bai da wuyar ganewa idan aka yi lissafin ɗan kwangila. Tsohuwar bishiya tana bukatar a riƙa rage mata rassa, a riƙa lallaɓa hanyar da ke gindinta har ƙarshen shekara 25. Ɗan tsiron da za a dasa a gurbinta ba zai tura dutse ba sai kwangilar ta ƙare. A takarda bishiya ɗaya ta maye gurbin ɗaya, lissafi ya daidaita. Inuwa da sanyin unguwa da ruwan saman da ganye ke tarewa kuwa ba su da layi a takardar.

Asubahin titin Rustlings

Ranar 17 ga Nuwamba 2016, wajen ƙarfe 5 na asuba, ma'aikata da 'yan sanda suka isa titin Rustlings. Aka ƙwanƙwasa ƙofofi, aka tashi mutane daga barci su janye motocinsu, injinan sara suka fara aiki da duhu. An kama mutum uku, biyu daga cikinsu mata ne masu kimanin shekara saba'in. Kwamitin masana da majalisar da kanta ta kafa ya ba da shawarar a bar akasarin bishiyoyin wannan titi, amma ba a fitar da shawarar ba sai da asubahin ranar. A ganin mai wannan nazari, daga wannan safiya batun ya tashi daga maganar itatuwa ya koma maganar amana, kuma majalisar ba ta sake samun yardar unguwannin ba.

Ƙungiyoyin mazauna, waɗanda suka haɗe tun 2015, suka riƙa tsayawa a gindin bishiyoyi don hana aiki. A 2017 majalisar ta samu umarnin babbar kotu na hana su shiga shingen ma'aikata. Har bishiyoyin titin Western, da aka dasa a 1919 don tunawa da tsofaffin ɗaliban wata makaranta da suka tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya, sun shiga jerin sara. Kafin a dakatar da aikin a Maris 2018, an riga an sare bishiya sama da 5,000.

Abin da bincike ya gano

Bayan sulhu tsakanin majalisar da ƙungiyoyin mazauna, masana daga ɓangarorin biyu suka koma suka duba bishiyoyin da suka rage a jerin sara, ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaga shimfiɗa aka ga saiwa da ido. Akasarinsu an iya barinsu da ƙananan gyare-gyare irin waɗanda aka ambata a sama.

A Maris 2023 Sir Mark Lowcock, tsohon babban jami'in agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fitar da rahoton binciken da aka ɗora masa. Ya sami majalisar da laifin yi wa ƙidayar farko gurguwar fahimta, da ɓatar da jama'a da kotu a wasu bayananta, da kafewa a kan kuskure maimakon sauraro. A watan Yuni majalisar ta fito ta nemi gafarar mazauna birnin. Dokar muhalli ta 2021 kuma ta ɗora wa hukumomin hanya na Ingila wajibcin tuntuɓar jama'a kafin su sare bishiyar gefen titi, kuma wannan sashe ya fara aiki a ƙarshen Nuwamba 2023. Sashen ya keɓe bishiyar da ta mutu da wadda ke da haɗari, ya kuma bar hukuncin ƙarshe a hannun hukumar bayan ta saurari mutanen titin.