Jan Ƙarfen Takedda da Zafin da Yake Ɓoyewa

A shekara ta 1353 matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a Takedda, garin da masana da yawa suka yarda shi ne kufan Azelik, arewa da Ingal a ƙasar Nijar ta yau. Ya tarar ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, ana narka shi cikin gidaje, ana zuba shi sanda sanda. Sandunan nan su ne kuɗin garin. Masu kauri 400 suke daidai da miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da man shanu, har da mutane. Bayi ne kuma, maza da mata, suke gasuwa a bakin wutar. Fatake kan kai sandunan Gobir da Barno.

Me ya sa jan ƙarfe ya zubu haka, amma baƙin ƙarfe sai da masaba? Mahalicci ya yanke wa kowane ƙarfe iyakar zafin da zai narke. Azurfa takan narke a digiri 962, zinariya a 1064, jan ƙarfe a 1085. Gawayi da zugazugi sukan kai wajen 1200, saboda haka duk waɗannan suna hannun maƙerin fari. Baƙin ƙarfe kuwa sai 1538. Masu dafa tama na dā ba su mai da shi ruwa ba, dattin dutsen ne yake narkewa ya tsiyaye ya zama kashin maƙera, ƙarfen ya rage dunƙule, sai a yi ta dukansa.

Akwai wani abin kuma da ya fi wannan ban mamaki. In ƙarfe ya soma narkewa, zafinsa yakan tsaya cik. Mai zuga yana zuga, gawayi yana ƙarewa, amma ba ya ƙara ko digiri ɗaya sai ɗan guntun ƙarshe ya narke. Wutar ba ta tafi a banza ba, tana kwance ɗaurin da ya riƙe ƙwayoyin ƙarfen ne. Joseph Black, wani malami a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, shi ya bayyana wannan wajen 1761, shekara fiye da 400 bayan zuwan Ibn Batuta. Da ƙanƙara ya gwada, ya ga zafin da take sha kafin ta narke ya isa ya ɗaga zafin ruwa mai nauyinta kusan digiri 80. Ya kira shi ɓoyayyen zafi. Bayin Takedda ba su san sunan ba, amma kafaɗunsu ne suka biya shi, a ƙasar da itace yake da tsada har ana sayensa da kuɗi.

Daga ƙarni na 15 Agadas ta ɗaukaka, Takedda ta yi ta ja da baya har ta zama kufai. Masu binciken kayan tarihi da suka tona Azelik sun sami kashin maƙera da fasassun 'yan tukwanen da ake narka jan ƙarfen a ciki.