Daga «affinité» zuwa ƙarfin ɗauri: tarihin wata ma'ana a ilimin sinadarai

Littattafan share fagen ilimin sinadarai suna ɗauke da wani jadawali da ɗalibai ke haddacewa: ɗaurin H–H 436 kJ/mol, na O=O 498, na N≡N 945. Ana ce musu wannan shi ne ƙarfin ɗauri. A ganinmu kalmar «ƙarfi» a nan gādo ce daga wani tsohon tunani, kuma wajibi ne mu san tarihinta kafin mu shigar da ita cikin ƙamusun Hausa na kimiyya.

A 1718 Geoffroy ya gabatar wa Majalisar Kimiyya ta Faransa jadawalin da ya jera sinadarai gwargwadon yadda wani ke korar wani don ya haɗu da na uku. Abin da aka kira «affinité» ke nan, watau wata irin shaƙuwa tsakanin sinadarai, wadda ba ta da ma'auni. Ma'aunin ya zo ne ta hanyar zafi. A 1840 Hess ya nuna a Rasha cewa jimlar zafin da haɗuwar sinadarai ke fitarwa ɗaya ce, ko ta wace hanya aka bi. Daga nan Thomsen a Danmak da Berthelot a Faransa suka ɗauka cewa zafin nan shi ne awon shaƙuwar. Ba haka ba ne, domin akwai sauye-sauyen da ke faruwa da kansu alhali suna shan zafi, kuma aikin Gibbs na 1876 zuwa 1878 ya warware wannan. To amma dubban awon da suka yi sun tsira. Kalmar entalfi kuwa, wadda ake dangantawa da Kamerlingh Onnes, sai a 1909 ta fito a rubuce.

Lewis ne ya bayyana a 1916 cewa ɗauri tarayya ce ta elektaron biyu tsakanin atom biyu. A 1932 Pauling ya yi amfani da alƙaluman zafi don kwatanta ɗauri da ɗauri.

Saboda haka lambar da ke cikin jadawalin lissafin zafi ce, ba wanda ya ja atom biyu ya auna taurinsu. Galibi ma matsakaici ce. A iskar metan, cire idrojen na farko yana cin kimanin 439 kJ/mol, alhali matsakaicin ɗaurin C–H huɗun bai wuce kimanin 415 ba.

Nan ne matsalar fassara take. Mai jin Hausa in an ce masa ɗauri yana da ƙarfi, ko a Faransanci «énergie de liaison», zai iya zaton wani abu ne a ajiye da ke fita in an tsinke ɗaurin. Akasin haka ne: kwance ɗauri cin makamashi yake, ƙulla shi ne ke fitarwa. Gawayi yana ba da zafi ne domin ɗaurin da ke ƙulluwa tsakanin karbon da oksijen ya fi waɗanda aka kwance wuyar kwancewa. Don haka muna ba da shawarar «makamashin kwance ɗauri», ko da ta fi tsawo a baki.