Tsargiya ba ciwon sanyi ba ce

A fadamun kogin Haɗeja da ke jihar Jigawa, cutar tsargiya ta daɗe tana addabar masunta da manoman shinkafa. Tsutsar da ke haddasa ta tana fitowa ne daga jikin dodon koɗi, ta huda fatar wanda ya shiga ruwa.

Ga mata, takan janyo ƙaiƙayi da zubar jini daga al'aura, abin da ya sa akan ɗauka ciwon sanyi ne, alhali ba ta hanyar jima'i ake kamuwa da ita ba.

Zargin da kan biyo baya na iya jefa mace cikin ciwon damuwa, ta kasa barci, ta ƙaurace wa jama'a, har ta guji asibiti.

Ƙwayar praziquantel na maganin tsargiya. Ita ma damuwar takan yi sauƙi idan aka tattauna da ma'aikacin lafiya.