Addu'o'in Tsari da Tarihin Furta Su a Tudun Wadan Zariya

Addu'ar tsari ita ce wadda Musulmi ke karantawa don neman kariyar Allah daga sharrin mutum da aljan, da kambun baka, da haɗarin hanya. A ƙasar Hausa da Larabci ake yin ta. Saboda haka tarihinta ya ƙunshi abu biyu: abin da ake karantawa, da yadda harshen Bahaushe ke furta shi.

Tushen addu'o'in shi ne Alƙur'ani da hadisi. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) yakan karanta Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi in zai kwanta, ya tofa a tafukansa, ya shafe jikinsa. Sai kuma Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara. Daga baya littattafan malaman Magariba suka iso, irin su Hizbul Bahri na Abul Hasan Shazali, wanda ya rasu a 1258, da Dala'ilul Khairati na Muhammadu Jazuli, wanda ya rasu a 1465.

Birnin Zariya ya daɗe da suna wajen nahawu da lugga, musamman a zaurukan unguwannin Kona da Juma. Tudun Wada kuwa a zamanin Turawa ta kafu, bayan jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, ta zama masaukin 'yan Arewa baƙi, tsakanin birni da Sabon Gari. Fatake da ma'aikata da almajirai suka zauna, kowa da irin karatun garinsu.

A makarantar allo yaro ke fara haɗuwa da tsari. Bayan Fatiha, surorin da malam ke fara rubuta masa su ne Nasi, Falaƙi, sannan Ƙulhuwa. Yaro ya durƙusa, allo a kan cinya, malam ya biya masa gaɓa-gaɓa, shi kuma ya maimaita yana bi da yatsa, ba za a ce ya wanke ba sai bakinsa ya faɗa. Ruwayar da ake bi ita ce ta Warshu daga Nafi'u na Madina, wadda ta zo ta Arewacin Afirka tare da mazhabar Malikiyya.

Da tafiya ta yi nisa, wasu haruffan Larabci suka ɗauki kamannin Hausa a bakin gardawa. Harafin da Larabawa ke taƙama da shi, wato ladi, ya koma "l", shi ya sa ake cewa alƙali, alwala, farilla da Ramalan. Harafin da ake furtawa da kan harshe tsakanin haƙora ya koma "c" ko "s", wani kuma ya koma "ɗ". Alarammomi sun kiyaye rubutu da wasali da ƙididdigar kalmomi ƙwarai, amma mafitar haruffa ta bi bakin gida.

Sauyi ya zo a rabi na biyu na ƙarni na 20. Alƙur'anin da aka buga a Alƙahira a 1924 bisa ruwayar Hafsu ya bazu, mahajjata suka dawo da kaset na makaranta irin su Husari da Abdulbasit, makarantun Islamiyya suka sa tajwidi a gaba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta ƙara wa abin ƙaimi. Bayan kafuwar Izala a Jos a 1978, muhawara ta wuce furuci ta kai ga asali: 'yan Izala suka soki laya da hatimi, suka karkata ga azkar na safe da yamma da ke cikin Hisnul Muslim na Sa'idu Alƙahɗani. A Tudun Wada, Shehu Muhammad Auwal Albani, wanda aka kashe a 2014, ya shahara da karantar da hadisi a kan wannan tafarki. 'Yan ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya kuma suka ci gaba da wuridi da Dala'ilu, suna riƙe da sharaɗin karɓar izini daga shehi.

 

A yau ruwayoyin biyu suna tafiya tare a Tudun Wada: Warshu a tsangaya, Hafsu a Islamiyya. Malaman ɓangarorin sun haɗu a kan cewa duka biyun ingantattu ne, kuma karatu a bakin malami ake ɗaukarsa.